Bazarar nan ba irin ta Samaru ba ce

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Barka da samun admishan, Allah ya sa albarka. Ka ce semesta za ta fara a watan Maris, kuma ka ji ance lokacin bazara ne a nan Insburuk ta Ostiriya, don haka ba sai ka ɓata kuɗi a kayan sanyi ba, suwaita ɗaya ta isa. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin bas, don irin lissafin da na yi kenan shekarar da na zo.

Kalmar ce take ruɗa mu. Mu a Zariya in an ce bazara ai ka san zancen, Maris da Afrilu, zafi ya kai digiri 38 ko fiye, mutane na kwana a tsakar gida, kowa na duban gabas ko hadari zai haɗo. Bazarar mutanen nan kuwa lokaci ne da sanyi bai gama tafiya ba, ɗumi bai gama zuwa ba, kullum kokawa suke a kanka. Su kansu suna da karin magana da Jamusanci cewa Afrilu abin da ya ga dama yake yi.

Insburuk a cikin kwari yake, kogin In ya ratsa tsakiyarsa. Tudunsa mita 574 ne daga teku, bai ma kai Zariya ba, amma in ka ɗaga kai ta arewa duwatsun Nordkette ne tsaye a kanka, sama da mita 2,300, dutsen Kufena na Zariya a gabansu kamar jinka. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, shi ya sa za ka ga fure ya buɗe a bakin kogi amma can sama fari fat da dusar ƙanƙara.

Sai iskar da suke kira Fon, wadda ita ce ta fi cutar baƙo. Daga kudu take tasowa ta wajen Italiya, in ta hau duwatsu sai ta zubar da ruwanta a can gefen, ta biyo ta mashigar Brenner ta gangaro mana a bushe, tana gangarowa tana ɗumi, kusan digiri ɗaya a duk mita 100. Ranar da take kaɗawa sai gari ya yi garau, duwatsun su matso kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kekuna na faɗuwa a bakin titi, mutanen gari na kukan ciwon kai. To ranar da ta tsaya ce abin tsoro, don sau da yawa sanyi da ruwa ne ke biye da ita.

Ni haka ta yi min a Afrilun farko. Na tashi na ga rana, na zura kaftanina na shadda da hula da takalmi sau ciki, na tafi masallacin Juma'a ina jin kamar a Tudun Wada nake, kafin la'asar iska ta juya, aka fara yayyafi, yayyafin ya koma dusar ƙanƙara mai jiƙa kaya, ga ni a tashar bas shadda ta manne a jiki haƙora na haɗuwa, wata tsohuwa na kallona tana girgiza kai. Kwana huɗu na yi a kwance da mura, ban gaya wa Hajiya ba har yau, kai ma kar ka kai mata.

Don haka ba ƙaton jaket ɗaya kake buƙata ba, kaya hawa hawa ake sawa yadda za ka cire ka mayar. Singileti mai dogon hannu, riga, suwaita, sai jaket marar nauyi da ruwa ba ya ratsa shi. Ka leƙa 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, suwaita da safa masu kauri za su fi maka sauƙi a can. Takalmi kam ka bari sai ka zo. Lema ba ta da wani amfani in iska ta taso, ta juya min guda biyu. Kuma kar ka ajiye kayan sanyin da wuri, masu lambu a nan ba sa fitar da dashen tumatir waje sai bayan 15 ga Mayu saboda sanyin dare na iya ƙona shi.

In abokai suka ja ka hawan dutse don kun ga rana a gari, ka fara duba sanarwar zaftarewar dusar ƙanƙara, mataki 1 zuwa 5 ake ba ta, kuma a wannan lokacin da rana ta yi ɗumi take saki.

Abu ɗaya zai tuna maka gida. Wani lokaci iskar kudu kan kwaso ƙurar Sahara har nan, a Maris ɗin 2022 sama ta yi ja, dusar kan dutse ta koma ruwan ƙasa, motoci duk suka yi butu butu. Turawa na ta ɗaukar hoto, ni kuwa na tsaya a baranda ina shaƙa kamar hunturu ya biyo ni. In za ka taho ka riƙo min kilishi da yaji.