Kinwar da Na Dafa Ta Yi Ɗaci Kuma Ta Caɓe: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata ƙawata ta ba ni ledar wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira kinwa, an rubuta quinoa a jikin ledar, ta ce suna da amfani ga lafiya. Ban taɓa dafa ta ba, don haka na dafa ta kamar yadda nake dafa shinkafa. Da na sauke sai na tarar ta caɓe, ga kuma wani ɗaci da ya hana yara ci. Shin lalacewa ta yi, ko haka ɗanɗanonta yake? Sannan maigidana yana da ciwon suga, ko zai iya barin shinkafa ya koma cin ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ina kyautata zaton kinwarki ba ta lalace ba, kuma ba haka ɗanɗanonta yake ba idan ta samu dahuwar da ta dace da ita. Abubuwa biyun da kika ambata su ne suka fi samun mai dafa ta karon farko, kuma kowanne da dalilinsa: ɗacin daga wanki yake, caɓewar kuwa daga yawan ruwa da yadda aka bi da wuta.

Tushen matsalar shi ne ɗaukarta da aka yi a matsayin shinkafa. Kinwa ba ta cikin dangin shinkafa da alkama da masara, iri ce ta wani tsiro mai faɗin ganye wanda yake dangi ɗaya da alayyafo. Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, musamman kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya, inda aka shafe shekaru dubbai ana noma ta a tudun da ya kai kusan mita 4,000 sama da teku, wurin da sanyi da ƙarancin ruwa suke hana yawancin amfanin gona yin kyau. Har yau ƙasashen nan biyu ne ke kan gaba a nomanta, kuma ta ƙara yaɗuwa a kasuwannin duniya bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 a matsayin shekarar kinwa.

Tsiron yana lulluɓe kowace ƙwaya da wani sinadari mai ɗaci da ake kira saponin, wanda yake hana tsuntsaye da ƙwari cinye ta tun tana gona. Kamfanonin da ke sarrafa ta sukan goge wannan rufi da inji ko su wanke shi kafin su zuba ta a leda, amma sau da yawa akan samu saura, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɓata tukunya guda. Saboda haka ko da an rubuta a jikin ledar cewa an riga an wanke ta, shawarata ita ce ki sake wanke ta da hannunki. Ki zuba ta a kwano, ki rufe ta da ruwan sanyi, ki riƙa murza ta tsakanin tafukan hannunki. Za ki ga ruwan ya yi duhu kuma kumfa ta taso kamar ta sabulu, to wannan kumfar ita ce ɗacin da yaranki suka ƙi. Ki tsiyaye, ki sake zuba wani ruwan, ki ci gaba da haka har sai kumfar ta daina fitowa kuma ruwan ya yi garau. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, suna bi ta ramukan matacin da aka saba tace shinkafa da shi, don haka ki nemi rariya mai ƙananan ramuka, ko ki shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle marar kauri a kan matacin. Idan kina son tabbatarwa, ki ɗora ƙwaya biyu ko uku a harshenki. In har kin ji ɗaci, wankin bai isa ba. Bayan haka ki bar ta ta tsane sosai, domin ruwan da ya maƙale a jikinta yana shiga cikin lissafin ruwan dahuwa, kuma mutane da yawa a nan suke ƙara ruwa ba tare da sun sani ba.

Ko bayan wanki mai kyau za ki ji tana da wani ɗan ƙamshin ƙasa-ƙasa wanda nata ne na halitta. Wanda bai saba da shi ba zai iya rage shi ta hanyar soya ta sama-sama kafin a zuba ruwa: a sa cokali ɗaya na mai a tukunya, a zuba kinwar da ta tsane, a riƙa juyawa a matsakaiciyar wuta na minti uku zuwa huɗu har ta bushe ta fara ƙamshi. Wannan mataki ba dole ba ne, amma ga gidan da ake son shawo kan yara ina ganin ya cancanci 'yan mintunan da zai ci.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ya caɓe miki ita. Yawancin ledoji suna rubuta kofi biyu na ruwa ga kowane kofi ɗaya na kinwa, kuma wannan yana ba da dahuwa mai laushi sosai. Ni na fi son kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu na ruwa ga kofi ɗaya na kinwa, musamman idan an wanke ta, domin da wannan awon ne take fitowa wara-wara. Ki auna da kofi ɗaya tak, kada ki yi kintace da ido a karon farko. Ki zuba ruwan da ɗan gishiri, ki bari ya tafasa, sannan ki rage wutar ta koma ƙasa sosai, ki rufe tukunyar da murfin da ya zauna daram, ki ƙyale ta na kimanin minti 15. A cikin wannan lokaci kada ki riƙa buɗewa, kada kuma ki juya ta, domin buɗewa tana fitar da tururin da yake dafa ta, juyawa kuma tana farfasa ƙwayoyin su manne da juna. Idan ruwan ya tsotse, ki kashe wutar ki bar tukunyar a rufe na minti biyar zuwa goma. Wannan hutun shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali a cikinsa ne ragowar danshin ke ratsa ƙwayoyin ko'ina daidai. Daga nan sai ki buɗe ki warware ta a hankali da cokali mai yatsu.

Alamar nunarta a fili take. Ƙwayar za ta kumbura ta ɗan yi sheƙi, sannan wani siririn farin zobe zai rabu da jikinta ya lanƙwashe. Wasu masu dafa ta karon farko sukan tsorata su zaci tsutsa ce, har su zubar da abincin. Tsiron irin ne da ke zagaye da ƙwayar, kuma a nan ne yawancin furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, yake. Ki kuma tuna cewa tana ninkuwa kusan sau uku, wato kofi ɗaya yana ba da kusan kofi uku, don haka rabin kofi ya ishe ki gwaji.

Idan murhunki ba ya yarda a rage masa wuta sosai, akwai wata hanyar da ta fi sauƙi. Ki tafasa ruwa mai yawa da gishiri, ki zuba wankakkiyar kinwar, ki bar ta kimanin minti 12, ki ɗanɗana, idan ta nuna ki tace ta, ki mayar da ita cikin tukunyar ki rufe na 'yan mintuna ba tare da wuta ba. Da wannan hanyar da wuya ta caɓe ko ta kama. Launinta ma yana da tasiri: farar ita ce ta fi laushi da sauƙin ɗanɗano, ja da baƙar sun fi tauri kuma sukan buƙaci ƙarin 'yan mintuna a wuta. Ga mai farawa, farar ta fi dacewa.

Game da yara, kinwa ba ta da ƙarfin ɗanɗano na kanta, tana ɗaukar na abin da aka dafa ta da shi. Idan kika maye gurbin ruwan da romon kaza ko na nama, kika fara soya albasa da tafarnuwa a cikin man kafin ki zuba ta, za ki ga bambanci mai yawa. Za ki iya kuma haɗa ta da shinkafa rabi da rabi har bakinsu ya saba, amma ki dafa kowacce daban sannan ki gauraya, saboda ba kowace shinkafa ce take nuna a lokaci ɗaya da ita ba. Idan ta huce tana yin daɗi da yankakken tumatir da kokwamba da ruwan lemon tsami da man zaitun, kuma akan dafa ta da madara a ci da safe. In wata rana ta sake caɓewa ba tare da ɗaci ba, kada ki zubar. Ki fasa ƙwai a ciki, ki sa albasa da kayan ƙamshi, ki mulmula ki soya. Wadda ta riga ta dahu da ɗacinta kuwa, gyaranta yana da wuya.

Tambayarki game da maigida ita ce ta fi muhimmanci a wurina, kuma ina so ki riƙe amsar da kyau. A cikin giram 100 na dafaffiyar kinwa akwai kimanin giram 21 na sinadarin da ke komawa suga a jiki, da furotin giram 4 da ɗoriya, da kusan giram 3 na faiba, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa kuma yake rage saurin shigar suga cikin jini. Dafaffiyar farar shinkafa mai nauyi ɗaya tana da kimanin giram 28 na sinadarin farko, furotin ƙasa da giram 3, faiba kuma ƙasa da giram ɗaya. A ma'aunin da ake gwada saurin da abinci ke ɗaga suga, kinwa tana wajen 53, yayin da farar shinkafa takan kai 70 ko ta wuce. Furotin ɗinta kuma yana ɗauke da dukkan ginshiƙai tara da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, har da laisin wanda ya yi ƙaranci a shinkafa da alkama. Saboda haka, eh, ta fi farar shinkafa dacewa da mai ciwon suga. Sai dai bambancin 21 da 28 ba shi da girman da zai ba mutum damar cika faranti, kuma wanda ya ninka abin da yake ci don ya ji an ce tana da amfani zai iya tarar da sugansa ya hau fiye da da. Ba magani ba ce, kuma ba dalili ba ce na rage maganin da likita ya rubuta. Maigidan ya fara da rabin kofi na dafaffiya tare da ganye mai yawa da kifi ko nama ko ƙwai, ya auna sugansa awa biyu bayan cin abincin, ya kai wa likitansa sakamakon. Idan ciwon ya taɓa masa ƙoda, ko yana da tarihin tsakuwar ƙoda, to ya tambayi likitan tun kafin ya fara, domin kinwa tana da sinadaran fotasiyam da fosfaras da okzalet masu ɗan yawa, kuma waɗannan su ne akan taƙaita wa masu matsalar ƙoda. Ku ma sauran mutanen gidan ku fara da kaɗan, saboda cikin da bai saba da faiba mai yawa ba yakan yi kumburi a kwanakin farko.

Ragowar da ke cikin ledar, ki shinshina ta kafin ki sake dafawa. Kinwa tana da ɗan mai a jikinta, kusan kashi 6 cikin 100, don haka idan ta daɗe a wuri mai zafi takan yi warin tsohon mai, kuma wannan ɗacin wanki ba ya fitar da shi. In ba ki ji wari ba, ba ki kuma ga ƙwari ko danshi ba, ki juye ta a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, ki ajiye a wuri mai sanyi da bushewa. Wadda kika dafa kuma ki bari ta huce, ki sa ta a firiji kafin awa biyu su wuce, a cinye ta cikin kwana uku zuwa huɗu.