Shin Kremlin Fada Ɗaya Ce, Kuma Su Wa Suka Gina Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Kullum a labarai muna jin "fadar Kremlin ta ce". Shin gida ɗaya ne da shugaban Rasha yake zaune a ciki? Kuma da gaske ne Italiyawa ne suka gina ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kremlin unguwa ce guda a tsakiyar Mosko, kewaye da ganuwa, a kan tudu a bakin kogin Moskva. Faɗinta ya kai hekta 27, kuma a ciki akwai fadoji da coci-coci da gidan tarihi da ofisoshin gwamnati. Tsawon ganuwar mita 2,235 ne, hasumiyoyinta 20. Ofishin shugaban ƙasa yana cikin ginin majalisar dattawa na da, wanda Matvey Kazakov ya kammala a 1787.

Batun Italiyawa kuwa gaskiya ne. Da farko katangar katako ce, tun 1156. A wajen 1367 sarkin Mosko Dmitry Donskoy ya sake ta da farin dutse. Jan bulon da ake gani yau aikin zamanin sarki Ivan na Uku ne, kuma dalilin ɗauko baƙi shi ne wata asara da aka tafka: a 1474 babbar cocin da magina 'yan ƙasa suke ginawa ta rushe ana dab da gama ta. Matar sarkin, Sofiya, 'yar ɗan'uwan sarkin Rumawan Gabas na ƙarshe ce, kuma a birnin Rum ta girma, don haka hanyar Italiya a buɗe take. Aka kawo magini Aristotele Fioravanti daga Bologna don ya sake gina cocin.

Nan ne abin da ya fi burge ni. Ba a bar shi ya gina irin cocin garinsu ba. Sai da ya je garin Vladimir ya ƙare wa tsohuwar cocinta kallo, sannan ya dawo ya fitar da fasali irin na Rashawa, mai ƙubba biyar. Abin da ya zo da shi ƙwarewa ce: ya kafa wurin gasa bulo mai ƙarfi, ya gyara kwaɓin farar ƙasa, ya zurfafa harsashi. Ya gama cocin, wato Uspensky, a 1479, kuma a cikinta aka riƙa naɗa sarakunan Rasha har zuwa Nikolas na Biyu a 1896. Ganuwar kanta an gina ta tsakanin 1485 da 1495, a hannun su Pietro Antonio Solari da Marco Ruffo. Dubi zankayen da ke kanta masu baki biyu kamar wutsiyar tsattsewa, irinsu ne a birnin Verona na Italiya. Amma dogayen rufin hasumiyoyin masu tsini daga baya aka ɗora su, a ƙarni na 17.

Cikin fadojin, mafi tsufa ita ce Granovitaya, wadda Ruffo da Solari suka gama a 1491. Zaure ne mai kusan murabba'in mita 500, ginshiƙi ɗaya tak a tsakiya yake ɗauke da rufinsa. A nan ake karɓar jakadu, a nan kuma Ivan na Huɗu ya yi bikin cin garin Kazan a 1552. Sai fadar Terem ta 1636, mazaunin sarki Mikhail Romanov, wadda magina Rashawa suka yi: ɗakuna ƙanana, rufi ƙasa-ƙasa, bango cike da zanen furanni, da murhun tangaram saboda sanyi. A ganina ita ce ta fi kyau, ko da yake ba kowane ɗan yawon buɗe ido ake bari ya shiga ba.

Wadda kake gani a talabijin, mai dogayen ƙofofin zinariya, ita ce Babbar Fadar Kremlin. Konstantin Thon ya gina wa Nikolas na Ɗaya ita daga 1838 zuwa 1849, lokacin da babban birni yake Saint Petersburg. Tsawonta mita 125. Daga waje za ka ƙirga jerin tagogi uku, alhali hawa biyu ne, domin manyan zaurukan sama jeri biyu suke da shi. A nan ake rantsar da shugaban ƙasa.

Wurin ya sha wuya. Napoleon ya sa an tarwatsa sassansa da albarushi da zai fita a 1812, amma ɓarnar da ta fi min ciwo ita ce ta 1929, da gwamnatin Soviet ta rushe gidajen ibada na Chudov da Voznesensky masu shekaru sama da 500. A 1961 kuma aka dasa ƙaton zauren taro na siminti da gilashi mai ɗaukar mutum 6,000, wanda bai dace da maƙwabtansa ba. UNESCO ta sa Kremlin cikin kayan tarihin duniya a 1990.

Ita kuwa cocin nan mai ƙubbobi kala-kala da ake yawan nunawa a hoto, ta Saint Basil ce, kuma a wajen ganuwa take, a Jan Dandali.