Tambaya da Amsa: Wane iko kwamitin majalisa yake da shi a kan 'yan sanda da gidajen gyaran hali?

Tambaya: Malam, sau da yawa mukan ji kwamitin Majalisar Dattawa ko na Majalisar Wakilai ya gayyaci Sufeto Janar na 'yan sanda. Shin kwamitin zai iya hukunta shi, ko kuwa zaman ji ne kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kwamitin majalisa ba kotu ba ne, saboda haka ba ya yanke wa kowa hukunci. Ikonsa ya samo asali ne daga sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, waɗanda suka ba majalisun biyu damar binciken hukumomin da suke kashe kuɗin da majalisa ta amince da su, domin bankaɗo almundahana, sakaci ko ɓarnatar da dukiya, kuma suka ba su damar kiran shaida, da neman takardu, har da fitar da sammacin kawo wanda ya ƙi amsa gayyata ba tare da uzuri ba.

A ganinmu, ƙarfin kwamiti na gaske yana wajen kasafin kuɗi, domin a gabansa ne shugabannin 'yan sanda da na hukumar gyaran hali suke kare abin da suka nema kowace shekara, kuma nan ne ya kamata a matsa musu a kan cunkoson masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi yawan mutanen da ake tsare da su. Rahoton kwamiti shawara ce. Gurfanar da mai laifi aikin Antoni Janar ne da hukumomin bincike.