Shin zaman natsuwa yana rage saurin fushi da rarrabuwar hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Kaduna, ina da aure da 'ya'ya uku. Kwanakin nan ina saurin hasala, yaro ya yi ƙaramin kuskure sai in daka masa tsawa, daga baya in yi ta nadama. Hankalina kuma ba ya tsayawa wuri guda, ko ina duba littattafan ɗalibai ko ina salla. Wata abokiyar aikina ta ce in gwada zaman natsuwa da ake kira meditashin. Da gaske yana da amfani, ko kuwa yayi ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba da ladan aiki. Zaman natsuwa yana da amfani, sai dai amfaninsa matsakaici ne, kuma ba shi ne wanda akasarin mutane suke zato ba. Da yawa suna ɗauka cewa manufarsa ita ce a share tunani daga kai, shi ya sa idan suka zauna minti biyu suka ga hankalinsu ya tafi kan cefane ko kuɗin makaranta, sai su ce sun kasa. Alhali tafiyar hankalin tana cikin aikin. Mutum zai ɗora hankalinsa a kan abu guda, galibi numfashinsa, hankalin zai sulale, shi kuma zai lura ya dawo da shi ba tare da ya zargi kansa ba. Wannan lura da dawowar ita ce ake horarwa, kuma ita ce kike bukata a cikin aji.

Ki sani yawon hankali ba lalurarki ba ce ke kaɗai. A 2010, masu bincike biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban na yini, suka gano cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin wannan lokacin sun fi rashin walwala.

Game da fushi, ki yi tunanin ranar da ɗalibi ya ture kujera kina tsaka da rubutu a allo, bayan kin sha rana a cikin Keke Napep tun safe. Kafin ki juyo, wani ɗan ƙaramin sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ya riga ya buga ƙararrawa: zuciya ta ƙara gudu, haƙora sun cije, yatsu sun matse allin. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda yake auna abu kafin a aikata, yana ɗan jinkiri kafin ya shigo. Tsawar tana fita ne a wannan ɗan tsakani. Wadda ta saba lura da jikinta a lokacin zama takan ji matsewar yatsun tun kafin baki ya buɗe, kuma wannan daƙiƙa biyu ko uku sun isa ta zaɓi abin da za ta faɗa. Fushin zai zo, domin ke 'yar Adam ce, amma ba lallai ya ja ki ba.

Abu biyu suna taimakawa a wannan gaɓa. Na farko, ki ambaci abin da kike ji a zuci, ki ce, "Raina ya ɓaci." A 2007, Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro, suka ga cewa idan mutum ya sa wa yanayin suna, motsin amigdala yana raguwa. Na biyu, ki tsawaita fitar da numfashi fiye da shaƙarsa, domin hakan yana sassauta bugun zuciya. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya yi fushi yana tsaye da ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa.

Tsarin da aka fi bincike a kansa shi ne wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, horo na mako takwas. Ya samo dabarun ne daga mabiya addinin Buddha, sannan ya cire ibadar ya bar horon hankalin, kuma ya kamata ki san wannan asali don ki yi zaɓi da ilimi. A 2014, likitocin Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka sami hujja matsakaiciya cewa irin wannan zama yana rage fargaba da ƙuncin rai da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga ya fi motsa jiki ko magani ba. A 2022 kuma wani gwaji da Jami'ar Georgetown ta jagoranta a kan mutum 276 masu cutar fargaba ya nuna horon ya yi aiki daidai da wani maganin fargaba mai suna escitalopram, sai dai waɗanda aka ba horon an nemi su riƙa zama kimanin minti 45 kullum, ban da darasin mako-mako.

A ɓangaren tattara hankali hujjar ta fi rauni, don binciken na 2014 bai sami isasshen dalili a kai ba. A ganina, macen da take barcin awa huɗu, wayarta kuma tana ƙara kowane minti, ta fara gyara waɗannan biyun tukuna.

Ga yadda za ki fara. Bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi, ki zauna a kan dardumarki minti biyar, ki ƙirga fitar numfashi daga ɗaya zuwa goma, ki sake komawa ɗaya. Duk lokacin da lissafin ya ɓace miki, ki koma farko. Idan kin fi natsuwa da zikiri, to tasbihi talatin da uku da ake yi bayan salla, idan aka ja carbin a hankali ana sauraron kowace kalma maimakon a yi shi da gudu, ya ƙunshi wannan lura da dawowar, ban da ladan da ke cikinsa. Ki yi mako takwas kafin ki yanke hukunci, kuma ma'auninki shi ne ko kina saurin ankara a cikin aji, ba daɗin zaman ba.

Akwai kashedi da na ɗauka da muhimmanci, musamman a jiharmu da mutane da yawa suka ga tashin hankali ko aka sace musu 'yan'uwa. Ga wanda ya sha irin wannan, rufe ido a yi shiru yakan dawo da abin da ya gani. Idan haka ta faru, ki buɗe ido, ki kalli wani abu a ɗakin, ki dakatar da zaman. Sannan idan ƙuncin ya wuce mako biyu tare da rashin barci, rashin cin abinci, ko tunanin cutar da kai, ki je ki ga likita, ko a asibitin da ke kusa da ke ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Ki nemi a auna jininki ma, domin ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira tairod suna iya jawo kasala, saurin hasala da rarrabuwar hankali, kuma dukansu suna da magani.