Amsa ga mai tambayar tsawon silin: na 60 za ka fi saye

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da shigowa. Ka ce karatu ya kai ka Shefil ta Ingila, ka gaji da bangon hawa na cikin gida, ka sayi noti (ƙananan ƙarafa masu waya da ke maƙalewa a tsaga) saiti ɗaya da kem (masu baki da ke buɗewa ya kama tsaga) huɗu don ka fara hawan da mutum ke cusa kariyarsa da hannunsa a tsagar dutse. Kana son sanin wane tsawon silin (ɗinkakken zoben madauri da ake haɗa kariya da igiya da shi) za ka saya, kuma guda nawa.

A taƙaice: na santimita 60 guda shida, na 120 guda biyu, na 240 guda ɗaya, sai kwikdiro (gajeren madauri mai karabina, wato ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa, a kowane baki) huɗu masu laushin madauri, wajen santimita 18. Na 30 bar shi a shago. Lambar da ke jikin silin tsawonsa ce idan an shimfiɗa zoben a ƙasa daga baki zuwa baki, ba zagayensa ba. Wato na 60 madaurin da ke cikinsa santimita 120 ne, shi ya sa yake ratayuwa daidai a kafaɗa.

Dalilin da na 60 ya fi yawa shi ne tafiyar igiya. Inda aka dasa ƙusoshin maƙala igiya a jikin dutse, an riga an jera su kusan a layi. A hawan gargajiya kuwa, wato irin wanda za ka fara, dutse ne ke faɗa maka inda za ka sa kariya: wannan tsaga tana dama, ta gaba tana hagu, ta uku tana can cikin lungu. Idan ka maƙala igiya a kowace da gajeren madauri, sai ta riƙa karkacewa, kowace kwana tana ƙara guga. Kafin ka yi mita ashirin za ka ji kamar wani ya riƙe ka ta ƙugu. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce duk motsin igiya yana isa jikin kariyar. Noti yana riƙe ne idan an ja shi ƙasa. Igiyar da ta miƙe tana ɗaga shi sama ko waje, sai ka leƙa ƙasa ka gan shi yana silalowa a kan igiya zuwa hannun mai riƙe maka. Kem kuma idan ana kaɗa wutsiyarsa sai ya riƙa tafiya cikin tsagar, ko dai ya shige inda ba ya ciruwa, ko ya kai wuri mai faɗi ya buɗe baki ya daina kamawa. Dogon silin mai laushi shi ke shanye wannan motsin.

Ba a rataya na 60 a ɗamara haka a sake, zai harɗe ka a gwiwa. Ninka shi ake yi uku. Ka sa karabina biyu a zoben, ka zura ɗaya ta cikin ɗayar, sannan ka maƙala wadda ka zura a lanƙwasa biyun da suka fito. Ya koma wajen santimita 20, ga shi kamar kwikdiro. In kana son tsawonsa, ka maƙala ta sama a kariya, ka cire ta ƙasa gaba ɗaya, ka maƙala ta a zare ɗaya kacal, ka ja. Ka gwada wannan a ɗaki da hannu ɗaya, dama da hagu, har ya zama jiki. Ka ware launi: karabinar da ke taɓa wayar noti daban, ta igiya daban, don waya tana yi wa alminiyom ƙananan zane masu cin rigar igiya. Kuma kada ka kuskura ka sa robar da ke riƙe karabina, irin ta kwikdiro, a jikin buɗaɗɗen silin irin na 60 ɗin nan. Zare ɗaya na iya komawa cikin ƙofar karabinar a jaka, a ido komai daidai, alhali robar ce kaɗai ke riƙe da ita.

Sai dai tsawo ba kyauta ba ne, kuma nan sababbi suka fi yin kuskure. Duk abin da ka ƙara, faɗuwarka na ƙaruwa da ninkinsa biyu. Ka warware na 60, ka ƙara wajen mita 1.2 a kan na wanda ya maƙala kai tsaye. Na 120 kuwa mita 2.4 ne, ban da miƙewar igiya. A Stanage da sauran duwatsun da ke kusa da kai, hanyoyi da yawa ba su wuce mita goma zuwa goma sha biyar ba. Kariya ta farko da ta biyu a irin wannan wuri, in layin a miƙe yake, ka bar su a ninke, in ba haka ba ƙasa za ka riga taɓawa kafin igiya ta kama. Haka ma idan akwai dandamali a ƙarƙashinka. Kafin ka warware, ka dubi inda igiya ta fito da inda za ka nufa, sannan ka dubi abin da ke ƙasanka. Ranar da ka je Llanberis ko Tremadog a Wales, inda hanya ke yawo, za ka ga shidan nan sun ƙare tun ba ka kai matsaya ba, wato inda za ka tsaya ka ɗaure kanka ka riƙe wa abokin hawanka igiya. Lokacin ne za ka ƙara biyu ko huɗu. In kuma ka koma hawa da igiya biyu kamar yadda mutanen Ingila suka saba, ɗaya na bin dama ɗaya na bin hagu, buƙatar tsawaitawa za ta ragu sosai.

Na 120 aikinsa dabam. Da shi ake zagaye ƙahon dutse ko bishiya, a zura ta rami, ko a tsawaita kariyar da ke ƙarƙashin rumfar dutse don kada igiya ta karye a kan leɓen. Idan ka zura shi ta rami, ka haɗa bakinsa biyu da karabina maimakon ka shaƙe shi a kansa, don shaƙewar tana rage ƙarfi. Ɗaukarsa: ka sagala shi a kafaɗa ka haɗa bakin biyu da karabina a ƙirji. Ko igiya ta hau kai, hannu ɗaya zai zaro shi.

Na 240 na matsaya ne. A saman duwatsun yankinku sau da yawa babban dutse za ka zagaye, ko ka haɗa kariya uku wuri guda. Wasu sun fi son siririyar igiya mai kaurin milimita 7, mita shida. Duka biyun suna yi. Abin lura shi ne kusurwar da ke tsakanin rassan. A digiri 60 kowane reshe na ɗaukar wajen kashi 58 cikin ɗari na nauyin, a 90 kashi 71, a 120 kowanne na ɗaukar nauyin duka. Gajeren silin ne ke buɗe kusurwa, don haka in ka ga ta wuce 90, ka ɗauko mafi tsawo.

Batun nailan ko Dyneema, wato zaren da ake saƙa silin da shi: duk wanda ya cika ƙa'idar ingancin silin ta Turai, EN 566, yana jure 22kN, wato nauyin sama da tan biyu, ka duba a ɗan kyallen da ke jikin ɗinkin. Dyneema siriri ne, mara nauyi, ba ya shan ruwa, ya fi daɗin ninkawa, shi nake ba da shawara ga na 60. Amma santsi gare shi, ƙulli na rage masa ƙarfi ƙwarai, yana narkewa a wajen digiri 145 alhali nailan sai wajen 250. Don haka wanda za ka riƙa ƙullawa a matsaya gara na nailan, ko da ɗaya cikin na 120 ɗin. Ko wanne ne, ba ya miƙewa kamar igiyar hawa. In ka ɗaure kanka da shi a matsaya, ka bar shi a ɗame, kada ka hau sama da inda ka maƙala. Zamewar rabin mita a kan silin tana bugun ƙugu da kariya fiye da yadda kake zato.

Kada ka sayi na hannu, don ba ka san abin da ya taɓa shi ba. Ranar ƙera shi tana jikin kyallen; yawancin kamfanoni shekara goma suke ba shi ko ba a taɓa amfani da shi ba, siririn Dyneema da ake hawa da shi kullum kuwa ba ya kai haka. In ya yi gashi, ya kode, ko ɗinkin ya fara zarewa, ka yanka shi ka zubar. In ka dawo da kayan gida hutu, kada ka bar su a rana ko a but ɗin mota kusa da batir, ruwan batir yana cinye nailan ba tare da alama ta nuna ba.