Ƙona wurin da ke rikita bugun zuciya: ba fiɗa ba ce

Ƴar'uwa daga Maradi, kin tambaya ko "ƙona zuciya" da likita ya ambata wa Baba fiɗa ce. A'a, ba a buɗe ƙirji. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a gano wurin da ke rikita lantarkin da ke tafiyar da bugunta, wani lokaci tabon da toshewar jijiyar zuciya ta bari, a kashe shi da zafi ko sanyi. Bugun mai haɗari yakan ragu sosai, amma yana iya dawowa, shi ya sa wasu ake sa musu na'urar farfaɗo da zuciya ma. Akwai haɗarin zubar jini da gudan jini. Don Allah kada Baba ya bar maganinsa. In ya suma, ku garzaya asibiti nan take.