William Marshal: ya aka yi ya zama Earl na Pembroke?

Malam, ka tambaya ya aka yi mutumin da bai gaji ƙasa ba ya zama babban basarake a Ingila. Ta hanyar aure ne da hidimar sarakuna. Shi ba ɗan fari ba ne, don haka da takobi ya nemi abinci, yana cin gasar mahaya dawaki a Faransa, har Sarki Richard ya aurar masa Isabel de Clare a 1189, ita ce magajiyar filaye masu yawa a Wales da Leinster ta Ireland. Amma sarautar Earl ɗin sai 1199 Sarki John ya naɗa shi, nan mutane ke yawan haɗa shekarun.

A 1216 Marshal ne ya riƙe wa sabon sarki Henry III ƙasa, yaro ɗan shekara 9, ga Marshal ya tsufa amma haka ya ja yaƙin Lincoln a 1217. Ya rasu 1219.

Kada ka rubuta masa Duke, babu wannan sarautar a Ingila sai 1337. Kuma ɗansa ma William ne, shi ma Earl. In furojet kake yi, nuna wa malamin tarihi ya duba maka jerin filayen, akwai ruɗani sosai a wajen.